Baromitarmu Ba Ta Lalace Ba

A makon jiya wasu daga cikinmu sun leƙa baromitar da ke rataye a ɗakin gwaje-gwaje, suka ga allurarta ta tsaya wajen 700. Littafin Fizik kuwa 760 ya ce. Nan take aka yanke hukunci cewa ta lalace, har wani ya ɗauko sukundireba zai murɗa notin bayanta. Allah ya sa malam ya shigo.

Ga abin da muka koya. Baromita tana auna nauyin iskar da ke danne mu daga sama. Masanin Italiya Torricelli ne ya fara gwada wannan a 1643, da bututun gilashi cike da zaiba. Milimita 760 ɗin nan awon bakin teku ne, kamar Legas. Zariya kuwa a kan tudu take, sama da mita 600 bisa teku, kuma duk hawan mita 11 ko 12 yana rage kusan milimita ɗaya. Ku buga lissafin da kanku, za ku faɗo kusa da 700. Da an murɗa notin nan, da duk awon da 'yan aji uku suke rubutawa tun farkon zango ya tashi a banza.

Tamu ba ta da zaiba. A cikinta akwai ɗan gwangwani da aka zuƙe wa iska. In iskar waje ta ƙara nauyi sai ya lotsa, in ta ragu ya kumbura, allura ta bi motsinsa.

Kafin mu karanta, mu ɗan ƙwanƙwasa gilashin da yatsa sau biyu, a hankali, don allura kan maƙale. Mu sa ido daidai saitinta, ba ta gefe ba, domin kallon gefe kaɗai kan ƙara ko rage milimita guda. Sannan mu juya maɓallin tsakiyar gilashi, mu ɗora allura ta biyu a kan ta farko. Ita wannan ba ta auna komai, alama ce kawai da za ta nuna mana gobe ko an hau ko an sauka. Lokacin karatu ma ya zama ɗaya kullum, saboda a ƙasashenmu masu zafi awon yakan hau wajen ƙarfe 10 na safe, ya sauka wajen 4 na yamma, ko da hadari ko babu. Kalmomin ruwa da rana da aka rubuta a fuskarta kuwa, kada su ruɗe mu. Don yanayin Turai aka yi su.

Notin baya ba a taɓa shi sai an ajiye na'urar gefen wata da aka tabbatar da ingancinta, a murɗa kaɗan-kaɗan, ana ƙwanƙwasawa ana dubawa.

Ƙananan jiragen da ke shawagi a kan Kwarbai, na Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da aka kafa a nan Zariya a 1964, da irin wannan gwangwanin suke sanin nisansu daga ƙasa. Kafin tashi da kafin sauka, hasumiya tana faɗa wa matuƙi awon iskar lokacin, shi kuma ya murɗa ɗan maɓalli ya saita. Kuskuren miliba 10 yana jawo bambancin fiye da mita 80.

Malam ya amince mu hau Dutsen Kufena da ita, in shugaban makaranta ya ba da izini. Masu son zuwa su ba sakataren kulob sunayensu.