Sankarar mama: ƙullutun da ba ya ciwo shi ne abin lura

'Yar'uwa, sankarar mama ita ce sankarar da ta fi kama mata a Najeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 an gano ta a jikin mata kimanin miliyan 2.3 a faɗin duniya. Babbar matsalarmu ita ce jinkiri: sai mama ya fashe ya zama gyambo sannan a nufi asibiti, alhali in an zo da wuri, galibi ana warkewa da yardar Allah.

Cutar kan fara ne da ɗan ƙullutu mai tauri a cikin mama ko a hammata, galibi ba tare da wani zafi ba. Rashin zafin nan ne ke sa a yi sake. Sauran alamun su ne kan nono ya lotsa ciki, jini ko wani ruwa ya riƙa fita daga gefe ɗaya, fata ta yi kaurin ɓawon lemo, mama ɗaya ya sauya girma ko siffa, ko ƙurjin da ya ƙi warkewa.

Duk wata, kwanaki kaɗan bayan kin yi wankan al'ada, ki tsaya gaban madubi ki ɗaga hannuwa ki duba. Sannan ki kwanta rigingine, ki lalluba kowane gefe da tafin yatsu har zuwa hammata. Wadda ta daina al'ada ta tsayar da rana ɗaya a wata. Mai shayarwa kuma kada ta ɗauki kowane tauri a matsayin daskarewar nono. In ya ƙi bajewa, a nuna wa likita.

Yawancin ƙullutai ba sankara ba ne, amma hoto da gwajin 'yar tsokar da aka ɗiba ne kaɗai ke tantancewa. Ko a Gwaram kike ko a ƙauyukan Birnin Kudu, ki fara da asibiti mafi kusa, ki nemi a tura ki Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. In da buƙata, sai a miƙa ki Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Maganar da ake yi cewa ciwon daji, wato sankara, ba ya son allura ko ƙarfe ba gaskiya ba ce. Tsagar wanzami da shafe-shafe ba sa tsayar da cutar, lokaci kawai suke ci.

Maigida, in uwargida ta ce ta ji wani abu, ka ba ta izini da kuɗin mota a makon nan, ka kuma raka ta.