Ka Auna Kayanka Kafin Ka Shiga Tseren Hamada

Karatu: Luka 14:28-30, Matiyu 4:5-7

Wataƙila ka fara gudun safe watannin baya, jikinka ya yi sauƙi, yanzu abokai suna zuga ka ka rubuta sunanka a irin tseren nan na daji wanda kowa yake ɗauke da guzurinsa a baya. Sha'awar ba laifi ba ce. Amma zauna tukuna mu duba.

Mafi shahara cikin irin wannan tsere shi ne Marathon des Sables, a hamadar kudancin Maroko. Wani Bafaranshe, Patrick Bauer, ya kafa shi a 1986. Tsawonsa kimanin kilomita 250 ne, cikin mako guda. Masu shiryawa suna ba da ruwa bisa awo da tantin kwana. Sauran kuwa, wato abincin mako duka, da abin shimfiɗa, da kamfas, suna cikin jakarka. Dokarsu ta ce kada jakar ta gaza kilo 6.5, kada ta wuce kilo 15, ban da ruwa. Idan ka cika ta don tsoron yunwa, kafaɗa da gwiwa za su biya. Idan ka rage don sauƙi, rana ta huɗu za ka ji a jikinka.

A Luka 14 Ubangiji Yesu ya kawo misalin mai gini wanda ya sa harsashi bai lissafta abin da ke hannunsa ba, aikin ya tsaya, ya zama abin dariya. Kan zama almajirinsa yake magana, amma da hankalin yau da kullum ya yi misalin, hankalin nan kuma ya shafe ka.

To, mene ne lissafinka? Ka taɓa gama kilomita 42 a kan hanya mai kyau? In ba ka taɓa ba, amsar ita ce ba bana ba. In ka taɓa, ka sa kilo 7 a jaka, ka yi kilomita 20 cikin rairayi, gobe ka tashi ka maimaita da takalmin nan da abincin nan. Rana ta biyu ce take faɗin gaskiya, lokacin da ƙafa ta yi bororo, zuciya tana tashi, abinci ya ƙi shiga. Ka je likita ya auna zuciyarka. Masu tseren ma ba su karɓar kowa sai da takardar likita. Kuɗin shiga dubban Yuro ne, saboda haka matarka tana da ta cewa kafin a taɓa kuɗin makarantar yara.

Wani zai ce, ai Allah zai kiyaye. Haƙiƙa yana kiyayewa. Amma Shaiɗan ma da alkawarin kiyayewa ya jarabci Yesu ya diro daga ƙwanƙolin Haikali, Yesu kuwa ya ƙi. Ni ban ga bangaskiya a wurin mutumin da ya shiga hamada ba shiri yana jiran mala'iku ba.

Ko gwanaye daji bai bar su ba. A 1994 guguwar rairayi ta ɓatar da Mauro Prosperi, ɗan sanda daga Italiya kuma ƙwararren ɗan wasa. Sai bayan kwana 9 ya tsira, can cikin Aljeriya. A watan Mayu 2021, a lardin Gansu na ƙasar Sin, sanyi da iska mai ƙanƙara suka kashe mutum 21 cikin 172 a tseren kilomita 100 kan duwatsu. Da yawansu ƙaramar riga da gajeren wando kaɗai ke jikinsu.

In lissafin bai kai ba, ka nemi tseren kilomita 10 ko 21 inda akwai ruwa da ma'aikatan lafiya a hanya. Duk ranar da za ka fita daji kana gwaji, ka gaya wa wani a gida hanyar da za ka bi da lokacin da za ka dawo.