Zagi Ba Hujja Ba Ne

Ya kai ɗan'uwa saurayi, ka sani mulhidi shi ne wanda ya ce babu Allah. A 2014 Mubarak Bala ya bayyana haka a Kano, yau kuwa irin maganar tana cikin wayarka. To, yaya za ka yi? Nemi ilimi, ka amsa da hikima, kamar yadda Suratun Nahli, aya ta 125, ta umarta. Haka Bamagujen da kuke cin kasuwar Ƙanƙara tare, ko Kirista maƙwabcinka a Faskari da Sabuwa, kada ka zagi abin bautarsa. Suratul An'am, aya ta 108, ta hana, don kada ka jawo a zagi Allah. Duka da ƙone-ƙone kuwa ɓarna ce, ba da'awa ba. Allah Ya sa mu gane, amin.