Darasin Mako: Tuwonmu, Shayinmu Da Lafiyar Zuciya



'Yan'uwa, mu duba abin da muke ci a rana guda. Da safe shayi mai sukari cokali huɗu da burodi. Da rana muna shago a kasuwar Jimeta, ga zafin Yola, sai shinkafa fara fat da lemon kwalba mai sanyi. Da dare tuwon shinkafa ko taliya. Kusan duk sitaci ne da sukari, kuma a zaune muka wuni.

Sitacin da aka cire wa dusa ba ya daɗewa a ciki, nan da nan yake zama sukari ya shiga jini. Abin da jiki bai ƙona ba sai ya mayar da shi kitse. Daga nan tumbi ya fito, kitsen jini ya ƙaru, ciwon suga ya samu ƙofa. Idan hawan jini ya haɗu da su, jijiyoyin jini suna ta lalacewa a hankali, har wata rana a ji wane ya faɗi, ko ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Allah Ya kiyaye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babba zai sha a rana ya gaza giram 50, wato kamar ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 6 ya fi. To kwalbar lemo ɗaya kaɗai tana ɗauke da kusan cokali 9.

Ba cewa muke a bar tuwo ba. Dawa da gero da ba a surfe su sosai ba sun fi farar shinkafa, domin dusar tana sa sukari ya shiga jini sannu a hankali. Mu rage malmala, mu ƙara miyar kuɓewa, zogale, rama da wake, ga kifin Binuwai kusa da mu. Iyaye mata, a rage sukari a kunu da fura, yara su saba tun yanzu.

Wanda ya haura shekara 40 ya riƙa auna jini da suga, ko a Asibitin Ƙwararru na Jimeta ko asibitin unguwa. Awon da ya kai 140/90 na bukatar ganin likita. Mai shan magani kuma kada ya daina don ya gyara abinci.

Jiki amana ne, iyali kuma mu suke kallo. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani. Juma'a mai albarka.