Kada a gasa gangar injin ban ruwa kamar fartanya

Da zarar damina ta ɗauke, tattasan bakin Komadugu ya koma hannun inji. A lokacin ne manoma daga Geskeru da Shetimari ke kawo mana injuna nan Diffa, gangar famfo ta tsage, suna roƙon a liƙe kafin rana ta faɗi. Aikina ke nan, walda, kuma abin da ke ƙona mini rai shi ne yawancin injunan an riga an kai su wani wuri an gasa.

Gangar nan alminiyom ce da aka ɗura cikin mazubi da ƙarfin matsi, cikin ƙiftawar ido. Saurin nan yakan kulle iska a ciki. Ka fasa tsohuwa ka duba bakin karayar a hasken rana: za ka ga ƙananan ramuka birjik kamar cikin burodi. Muddin ƙarfen na sanyi, ramukan ba sa hana shi aiki. Amma idan wuta ta kai shi wajen digiri 500, jikinsa ya yi laushi, iskar ciki ta kumbura, ramuka su haɗe, bayansa ya yi bororo. Ƙarfin ya tafi ke nan, ba ya dawowa.

Ga kuma haɗarinsa: alminiyom ba ya yin ja. Maƙeri yana karanta baƙin ƙarfe da launi, ya tsoma a ruwa ya yi tauri. Wannan kuwa yana nan fari fat har ya zube a digiri 660, wanda aka gauraya ma kafin nan. Tsoma shi a ruwa da zafinsa sabuwar tsaga yake jawowa.

'Yan'uwana masu walda, a fara kankare wurin, a wanke, a busar sarai, domin mai da laima da suka shige ramukan su ne ke sa ɗinki ya fito da huji-huji. A ɗumama gangar duka a hankali, digiri 150 zuwa 200 ya isa. Goga sabulu a gefe: in ya yi baƙi, ka doshi 400, janye wuta. In an gama, a binne ta cikin busasshiyar toka ta huce da kanta.

Manomi kuma, don Allah ka ba mu kwana guda. In tsagar ta kai mazaunin boris, sayi wata gangar.