Shawara Ga Mai Jiran Aikin Ƙashin Baya

A asibitocin koyarwa na Amurka, sababbin likitoci masu koyon tiyata suna kama aiki a farkon Yuli, a Ingila kuwa ranar Larabar farko ta Agusta, sa'ad da waɗanda suka goge suke matsawa gaba. Ko da yake binciken masana ya nuna cewa bambancin sakamakon aikin ƙashin baya a wannan lokaci ƙalilan ne, domin babban likita ke jagorancin aikin, maslaha ce majinyaci ya tambayi wanda zai riƙe wuƙa, da wanda zai duba raunin da dare. Amma in ƙafafu suka fara mutuwa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, to, jinkiri haɗari ne, wajibi ne a garzaya asibiti.