Amsoshin Tambayoyinku: Wa ke tallafa wa yaran talakawa a Guangzhou?

Wani mai sauraronmu daga Kantin Kwari a Kano, da ke zuwa sarin kaya Guangzhou, yana tambaya: shin gwamnatin Sin tana taimaka wa iyalai matalauta da 'ya'yansu?

To Alhaji, tana taimakawa. Babban tsarin shi ne dibao, wanda aka fara a Shanghai a 1993, ya game birane a 1999, ya kai karkara a 2007. Magidanci zai kai takardunsa ofishin unguwa, jami'ai su binciki samunsa da kadarorinsa. In samun bai kai mizanin da birnin ya ƙayyade ba, sai a riƙa cike masa giɓin duk wata.

Daga 2025 kuma, ana ba kowane yaro ɗan ƙasa da bai kai shekara 3 ba yuan 3,600 a shekara.

Sai dai dibao yana bin rajistar zama ta hukou. Masu ɗinki da dako da suka baro ƙauyukansu galibi sai can gida za su nema. 'Yan kasuwarmu na unguwannin Xiaobei da Sanyuanli a Guangzhou kuwa baƙi ne, tsarin bai shafe su ba.

Alhaji, da fatan ka gamsu.